Tirips da sauran ƙwarin shukokin gida

Tirips ƙananan ƙwari ne masu tsotsar ruwan ganye da fure, na rukunin da masana ke kira Thysanoptera. Galibinsu ba su wuce milimita 1 zuwa 2 ba, shi ya sa mai shuka kan ga ɓarnarsu tun kafin ya gan su. An bayyana sama da nau'i 6,000 a duniya, amma waɗanda ke cutar da amfanin gona da furannin kallo kaɗan ne daga ciki, da yawa kuwa naman gwari suke ci ko su farauci ƙwarin da ba su kai su ba. A arewacin Kamaru da Chadi an fi saninsu a lambunan albasa da gonakin wake. Daga can suke shiga gidaje su faɗa wa na'ana'a da ɗoɗɗoya da barkono da furannin da ake rainonsu a tukwane da tsofaffin bokitai a tsakar gida.

Siffa da rayuwa

Jikin tirips siriri ne, launinsa daga rawaya-rawaya zuwa ruwan ƙasa ko baƙi. Fikafikansa guda huɗu ne, sirara, da gashi a gefensu. Bai iya tashi mai nisa ba, iska ce ke ɗaukarsa. Bakinsa a karkace yake: muƙamuƙin hagu kaɗai ke girma, da shi yake huda fatar ganye ya tsotse abin da ke ciki. Idan ya tsotse, iska ta cika gurbin, sai wurin ya yi fari-fari mai sheƙi kamar azurfa.

Macen tana saka ƙwai a cikin naman ganye ko fure, inda ruwan magani ba ya kai musu. Ɗan da aka ƙyanƙyashe yana wuce matakai biyu yana ci, sannan wasu biyu da ba ya cin komai, waɗanda a yawancin nau'o'in a cikin ƙasa ko ƙarƙashin busassun ganye yake yin su. A lokacin zafi zagayen duka kan ɗauki mako 2 zuwa 3. Tirips na albasa sau da yawa ba ya buƙatar namiji, mace ɗaya ta isa ta cika tukunya da zuriya.

Tarihi

Masanin Suwidin Charles De Geer ya bayyana waɗannan ƙwari a 1744, Linnaeus ya sa musu sunan Thrips a 1758, shi kuma Alexander Haliday, mutumin Ailan, ya ware su a rukuni na kansu a 1836. An samu burbushinsu a duwatsu da daskararren ƙaro, abin da ke nuna sun girmi yawancin tsire-tsire masu fure.

Nau'in da ya fi damun yankin Tafkin Chadi shi ne Thrips tabaci, wanda Karl Lindeman na Rasha ya bayyana wajen 1889 daga gonakin taba. Ana kyautata zaton asalinsa gabashin Bahar Rum ne, kuma ya bi albasa ne zuwa duk inda aka kai ta. A kewayen Marwa, inda noman albasa na rani ya kafu sosai a bakin kogin Mayo Tsanaga, yakan ɓuya a wuyan albasa tsakanin ganye, ganyen ya yi fari ya lanƙwashe, kan albasar ya ƙi cika. Na biyu shi ne Megalurothrips sjostedti, ɗan asalin Afirka, mai shiga furen wake ya sa ya zube kafin ya ɗaure. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta daɗe tana lissafa shi cikin manyan maƙiyan wake a Afirka ta Yamma.

Labarin da ya fi shafar shukokin ado shi ne na Frankliniella occidentalis. An bayyana shi a 1895 daga yammacin Amurka, kuma ya shafe kusan shekaru 80 bai bazu sosai a wajen yankinsa ba. Daga ƙarshen shekarun 1970 sai cinikin fure da dashe ya kwashe shi. An gan shi a gidajen gilashi na rainon shuka a Holan wajen 1983, daga nan ya bazu a Turai, zuwa ƙarshen shekarun 1980 ya isa gabashi da kudancin Afirka. A jikin dashe ya yi duk wannan tafiya, kuma haka yake shiga gida har yau.

Tirips na ɗaukar cututtukan bairus. Wadda ta fi suna ita ce mai sa tumatir ɗige-ɗige da yaushi, da aka fara lura da ita a Ostireliya wajen 1915, aka kuma danganta ta da tirips a ƙarshen shekarun 1920. Ƙwaron yana ɗaukar cutar ne yana ƙarami, ya ci gaba da yaɗa ta har ya mutu. Shukar da ta kamu ba ta da magani, sai cirewa.

Lokacin da suke yawa

Rani ne lokacinsu. Daga hunturu zuwa bazara, musamman Maris da Afrilu da zafi kan haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Kusiri da Injamena, shukar tukunya kan sha ƙishi, ƙura ta rufe ganyenta, ƙwari su samu yadda suke so. Idan aka cire albasa a lambuna, tirips ɗin da suka rasa abinci sukan watsu zuwa duk wani koren abu da ke kusa, gidajen da ke bakin lambu su ke fara gani. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke su ya kashe na cikin ƙasa, don haka suna raguwa da damina, in ban da shukar da ke ƙarƙashin rumfa ko baranda.

Alamu

Zane-zane masu sheƙi a ganye, baƙaƙen ɗigo na kashinsu, sabon toho ya murɗe, fure ya zube ko ya buɗe a gurguje. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a riƙe farar takarda ko farin faranti a ƙarƙashin reshe a kaɗa shi. Za a ga ƴan abubuwa sirara sun zubo, bayan ɗan lokaci su fara gudu. Ƙura ba ta gudu.

Sauran ƙwari

Darɓa, wato ƙwarin da ke taruwa a sabon toho suna fitar da ruwa mai danƙo, sananniya ce ga duk manomin dawa da auduga. Danƙon yana jawo tururuwa da baƙin naman gwari mai rufe ganye. Inda aka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin shuka, a duba ƙarƙashin ganye.

Farin ƙuda, Bemisia tabaci, yana tashi fari fat idan aka taɓa shuka. Shi ke yaɗa cutar murɗewar ganyen tumatir, yana kuma ɓata auduga da danƙo.

Farin ƙwaro mai kama da auduga yana maƙalewa a gaɓar reshe da ƙarƙashin ganye. Danginsa sun bar tarihi a Afirka. Wanda ya faɗa wa rogo ya shigo daga Kudancin Amurka a farkon shekarun 1970, har ya yi barazana ga abincin miliyoyin mutane, aka shawo kansa da wani ɗan ƙaramin zanzaro, Anagyrus lopezi, da aka ɗauko daga can aka fara saki a 1981. Aikin ya sa masanin ƙwari Hans Herren, wanda ya jagorance shi, ya samu kyautar abinci ta duniya a 1995. Farin ƙwaron da ke kama mangwaro ya bayyana a Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980, na gwanda kuma wajen 2010. A gida ana goge su da auduga da aka tsoma a ruwan sabulu.

Jan ƙwaro mai saƙa dangin gizo-gizo ne, ƙafafunsa takwas. Yana son zafi da ƙura, kuma yawancin magungunan ƙwari ba sa kashe shi.

Rigakafi da magani

Sabon dashe da aka sayo daga masu sayar da fure a bakin titi a ajiye shi gefe guda mako 2 ko 3 kafin a haɗa shi da sauran. A riƙa wanke ganye da ruwa mai ɗan ƙarfi, sama da ƙasa, da safe ko da yamma. A yanke furen da ya kamu a binne ko a ƙone. Idan abin ya yi yawa, a kwashe ƙasar saman tukunya a sa sabuwa. Taki da yawa, musamman yuriya, yana fitar da lallausan toho wanda ƙwari suka fi so. Allo mai gam, shuɗi don tirips, rawaya don farin ƙuda, yana nuna ko sun iso, amma ba ya ƙarar da su.

Maganin da ya fi dacewa da yankin shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina. Bishiyar ƴar Indiya ce da Bama, an kawo ta Afirka ta Yamma a zamanin Turawa, ana cewa ta isa Barno wajen 1928, yanzu kuwa ita ce inuwar titunan Marwa da Injamena. A 1959 Bajamushe Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fari sun cinye komai sun bar ta, a 1968 aka ware sinadarin azadiraktin daga ƴaƴanta. Ana ɓare busassun ƴaƴan a daka ƙwayar, a jiƙa giram 30 zuwa 50 a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma don rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kisa nan take, yana hana ƙwaro ci da girma ne. Dole a maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, sau uku ko fiye, saboda ƙwai da na cikin ƙasa da feshin farko bai taɓa ba. A nan mutane da yawa ke gajiya su ce bai yi ba.

Ruwan barkono da tafarnuwa da toka ana amfani da su sosai, sakamakon gwaji a kansu ya sha bamban. Ruwan taba yana kisa, amma guba ne ga mutum.

Cikin magungunan kanti, sifinosad, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta ta ƙasa aka fara sayarwa a 1997, yana aiki a kan tirips, ko da yake a wurare da dama sun fara jure masa.

Maganin auduga a cikin gida

A yankin da kamfanonin auduga SODECOTON na Kamaru da Cotontchad na Chadi ke aiki, maganin feshin auduga yakan fita daga gona ya ɓulla a kasuwa, wani lokaci a kwalbar da ba ta da takarda. Ba a yi shi don ganyen miya ko na'ana'ar shayi ba, balle tsakar gida mai yara da kaji. Chadi tana cikin kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, wanda ya fara aiki a 1994 ya kuma haramta maganin feshi mai suna endosulfan wajen 2007, kafin yarjejeniyar duniya ta Stockholm kan sinadarai masu guba ta sa shi cikin jerin haramtattu a 2011. Batun yadda ake bin dokar a kan iyakoki, ra'ayoyi sun bambanta.