Shagon wanka da askin karnuka da kyanwoyi: me saƙon tunatarwa ke gyarawa?

A Amurka da Ingila, yi wa dabbar gida wanka da aski sana'a ce mai zaman kanta. Kamfanoni irin PetSmart da Petco a Amurka, da Pets at Home a Ingila, suna da ɗakunan aski a cikin shagunansu, ga ƙananan shaguna birjik, ga masu bi gida-gida da mota. A Legas da Abuja ma sana'ar ta fara tsayawa da ƙafarta. Duk inda ka je, kuka ɗaya za ka ji: kwastoma ya kama lokaci, ranar ta zo, ko ƙeyarsa ba a gani ba.

Don mutum ɗaya bai zo ba, mene ne na tayar da jijiyar wuya?

Abin da shagon ke sayarwa lokaci ne, shi kuwa ba a ajiye shi a sayar gobe. Kare mai yawan gashi irin Poodle ko Shih Tzu sai an wanke shi, a busar, a taje, a yi aski, a yanke ƙumba, a goge kunne. Awa biyu ta tafi, wani lokaci fiye. Mai aski ɗaya 'yan karnuka kaɗan yake iya gamawa a wuni, saboda haka gurbi ɗaya da ya tafi a banza babban giɓi ne a cinikin ranar. A Amurka da yawan masu askin ba su da tsayayyen albashi, kaso ake ba su daga kuɗin kowane aiki. Kare bai zo ba, sun yi zaman banza ke nan.

Mai bi gida-gida ya fi kowa shan wuya: ya ƙona mai, ya ci cunkoso, ya iso ya tarar da ƙofa a kulle. Kuma ba kamar shagon askin mutane ba ne, da wani zai faɗo daga titi ya zauna a kujera. Ba kasafai mai wucewa yake riƙe da kare mai jiran wanka ba.

Mantuwa ce kawai ke hana su zuwa?

Tana da kaso babba. Irin waɗannan karnukan ana mayar da su aski duk bayan mako 4 zuwa 8, kuma yawanci a bakin kanta ake tsayar da rana ta gaba, mutum yana biyan kuɗi kare yana jan igiya. Wa zai riƙe ranar a ka har wata guda da rabi?

Amma akwai wanda bai manta ba. Aljihu ne ya yi sanyi, ko karen ba shi da lafiya, ko takardar allurar haukan kare da shaguna da yawa ke nema ta ƙare. Akwai kuma mai jin kunya: ya bar gashin dabbar ya cukurkuɗe har ya manne da fata, ya san za a aske shi ƙwal, a kuma caje shi ƙari. Irin wannan ba zai ɗauki waya ya yi bayani ba, shiru zai yi. A ganina nan ne babban amfanin saƙon yake. Yana ba mutum hanyar cewa "ba zan samu zuwa ba" ba tare da ya haɗa ido da kowa ba.

Akwai hujja cewa saƙon yana aiki?

Hujjoji mafi ƙarfi daga asibitoci suka fito. Nazarin da cibiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta fitar a 2013 ya tattara gwaje-gwaje 8. Marasa lafiyar da ba a tunatar ba, kusan kashi 68 cikin 100 suka zo. Waɗanda aka tura wa tes, kusan 79. Waɗanda aka kira a waya, kusan 80. Wato tes ya kusa kamo kira, kuma ya fi shi arha nesa ba kusa ba.

A 2015 kuma aka wallafa wani gwaji daga asibitocin Barts da ke Landan. Da aka ƙara wa saƙon jimla ɗaya, cewa rashin zuwa yana jawo wa hukumar lafiya ta NHS asarar kimanin fam 160, masu ƙin zuwa suka ragu daga kashi 11.1 zuwa 8.4. Ba tura saƙon kaɗai ba, har abin da aka rubuta a ciki yana da tasiri.

To, yaushe ya kamata a tura?

A nan shaguna da yawa ke yin tuntuɓe. Su tura saƙo da safiyar ranar, kwastoma ya amsa cewa ya yi tafiya, su kuma ba su da lokacin nemo wani. Asarar tana nan, sai dai an san da ita da wuri kaɗan.

Lissafin daga baya ake fara shi. Idan ƙa'idar shago ita ce a soke aƙalla awa 24 kafin lokaci, dole babban saƙon ya isa kwana biyu ko uku kafin ranar, yadda mai fasawa zai fasa cikin ƙa'ida, shagon kuma ya samu sararin kiran masu jira. Wannan jerin masu jiran shi ne rabin aikin. Saƙo ba tare da shi ba, labarin asara kawai yake kawowa. Sai ɗan gajeren saƙo a jajibirin ranar, wanda ya tuna da takardar allura. Fiye da haka ya zama damu, mutum ya daina buɗewa. Gab da Kirsimeti, lokacin da layi ke kamar na mai kitso ana gobe Sallah, gurbin da aka saki da wuri nan da nan wani ke cafke shi.

Me za a rubuta?

Sunan shago, sunan dabbar, rana, ƙarfe nawa, da hanyar amsawa da yatsa ɗaya. Misali ga mai kyanwa a Abuja: "Barka da rana Hajiya, Shagon Musa ne. Muna tunatar da ke wankan Mimi ranar Laraba 12 ga wata, karfe 10 na safe. Ki amsa 1 idan kina tafe, 2 idan a canza rana."

Da gangan aka rubuta "karfe" babu lanƙwasa. Tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ko emoji ya shiga, iyakar ta faɗo 70, sai saƙo mai tsawon wannan ya ci kuɗin saƙo uku a maimakon ɗaya. A WhatsApp babu wannan matsalar.

Tes, WhatsApp, ko kira?

Inda kwastomominka suke dubawa. A Amurka tes ne, kuma manhajoji irin MoeGo da Gingr da Square Appointments suna turawa da kansu. A Najeriya WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, ya isa ƙaramin shago. Imel ya fi dacewa da rasit. Kira kuwa a ajiye shi domin wanda aka tura wa saƙo bai amsa ba.

Doka ta yarda a riƙa tura wa mutane saƙo haka?

Da izininsu. Amurka tana da dokar TCPA ta 1991 mai kare mutane daga kira da saƙonnin da ba su nema ba, shi ya sa saƙonninsu ke ƙarewa da cewa a amsa STOP in ba a so. Ingila tana da dokokin kare bayanai, Najeriya ma ta yi tata a 2023, ga kuma lambar 2442 ta hukumar sadarwa ta NCC da ke toshe saƙonnin talla. A nemi izinin tun ranar da aka karɓi lambar waya, kuma kada a cusa tallar sabulun wanka a cikin saƙon tunatarwa.

Wanda aka tunatar, ya ce yana tafe, kuma bai zo ba fa?

Wannan ya wuce aikin saƙo. Karo na farko a yi uzuri, rayuwa ce. Idan ya maimaita, sai kafin alƙalami: ya biya wani ɓangare kafin a rubuta sunansa, a cire daga kuɗin aikin in ya zo. A Amurka wasu shagunan suna riƙe bayanan katin banki su ciri tara, amma sai an faɗa wa kwastoma ƙa'idar a rubuce tun ranar da ya kama lokaci, in ba haka ba ya kai ƙara banki a mayar masa da kuɗinsa.