Wai duk dan ta'adda addini daya gareshi?

Da anji bam ya tashi wani wuri, kafin ma a kwashe gawa zakaga mutane a soshiyal midiya sun yanke hukunci, wai ai dama Musulunci ne ya koya wa wadanda suka tayar da bam din. Wannan magana ta dade tana yawo kuma ba gaskiya bace.

Wanda ya tayar da bam a Oklahoma ta Amurka a 1995 ya kashe mutum 168 ba Musulmi bane, haushin gwamnati yake ji. Anders Breivik ya kashe 77 a Norway a 2011, sannan a 2019 wani ya shiga masallatai biyu a Christchurch ranar Juma'a ya bude wuta, mutum 51 suka rasu, yana yi yana haskawa kai tsaye a Facebook. Su Tamil Tigers, 'yan tawayen Sri Lanka da suka shahara da kunar bakin wake, kasar kansu suka nema ba aljanna ba.

Abinda yafi ci min rai shine masu ikirarin jihadin nan Musulmi suke yawan kashewa, a 2017 sun shiga masallacin Rawda a Sinai ta Masar ana sallar Juma'a suka kashe sama da 300, harda yara, saboda kawai sun yanke cewa mutanen ba Musulmin kirki bane. To kaga kafirta mutane daga nan ake farawa, kuma wallahi irin wannan kalaman nake gani kullum a kasan rubutun mutane, kowa ya zama alkalin imanin wani.