Yadda BBM ta fita daga gidan BlackBerry: tambayoyi da amsoshi

Akwai lokacin da in ka shiga Banex Plaza a Wuse 2, Abuja, za ka ji masu saye suna cigiyar wayoyin BlackBerry samfurin Bold ko Curve, kuma manhajar hira ta BBM (BlackBerry Messenger) ce ke kawo yawancinsu. Ƙanena da ya tashi ya tarar da WhatsApp ya sha tambayata labarin. Ga abin da nake gaya masa.

Mece ce BBM, kuma me ya sa ake ɗokinta?

Manhajar hira ce ta kamfanin Research In Motion na Kanada, wanda ya koma suna BlackBerry a 2013. Ta fito a 2005, kuma sai mai wayar kamfanin ke iya shiga. Kowace waya da PIN ɗinta mai haruffa da lambobi takwas. A wurin biki ko a ofis sai ka ji an ce "ba ni PIN ɗinka". Idan saƙo ya isa ka ga D, idan an karanta ka ga R, abin da saƙon tes bai taɓa nuna mana ba. Mutane na biyan kuɗin BIS, wato tsarin intanet na wayoyin BlackBerry, duk wata, don a lokacin ya fi sauran tsare-tsaren data sauƙi.

Yaushe aka buɗe ta ga Android da iPhone?

A watan Mayun 2013 shugaban kamfanin, Thorsten Heins, ya sanar da hakan a birnin Orlando na Amurka. An tsara fitowarta a Satumba, sai wani kwafi da bai kammala ba ya sulale zuwa intanet, jama'a suka yi masa ca, dole aka ɗage. Ta fito ranar 21 ga Oktoba, kuma kamfanin ya ce an sauke ta fiye da sau miliyan 10 a rana guda.

Me zai sa kamfani ya miƙa wa abokan hamayya abin da yake taƙama da shi?

Nan ne gizo ke saƙar. Darajar manhajar hira tana ga mutanen da ke cikinta, kamar kasuwa: ko rumfunan sun kai ina kyau, in ba masu ciniki ba wanda zai zo. Sa'ad da abokai suka fara komawa Samsung da Tecno, mai BlackBerry ya wayi gari rabin mutanensa ba sa BBM. Ita kuwa WhatsApp, da ta fito a 2009, tana aiki a Nokia, a Android, a iPhone, har a BlackBerry ɗin kanta, kuma lambar waya kawai take buƙata. Mahaifiyarka a Kano da ɗan uwanka a Kubwa duk ka same su wuri ɗaya. Kamfanin ya ji tsoron in ya buɗe ƙofa mutane za su daina sayen wayarsa, amma da ma sun riga sun fara dainawa. A ganina shawarar daidai ce, lokacinta ne ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To daga baya me ya faru?

A 2014 Facebook ya sayi WhatsApp kan kusan dala biliyan 19. BBM ta koma hannun kamfanin Emtek na Indunisiya a 2016, aka rufe ta ga jama'a ranar 31 ga Mayun 2019.

Akwai wanda har yanzu ya rufe tasa ƙofar?

Apple. Tun 2011 iMessage, manhajarsa ta hira, ba ta fita daga na'urorinsa ba, sai dai a 2024 ya karɓi RCS, wani tsarin saƙon tes na zamani, don hira da masu Android ta gyaru. Yana iya yin haka ne saboda wayoyinsa na tafiya a kasuwa, musamman a Amurka. A Banex kuwa, wanda ya sayi iPhone yakan ce a sa masa WhatsApp tun kafin ya bar shagon.