Rayuwar hunturu a birnin Winnipeg

Winnipeg shi ne babban birnin lardin Manitoba a ƙasar Kanada, kuma yana cikin manyan biranen duniya da suka fi tsananin sanyi. Yana zaune ne a mahaɗar kogin Red da kogin Assiniboine, a bakin gabas na shimfiɗaɗɗen filin alkama da ya miƙe har gindin duwatsun Rocky. A ƙidayar 2021 mutanensa sun kusa 750,000. Dusar ƙanƙara kan kwanta a ƙasa tun daga Nuwamba har ƙarshen Maris, wani lokaci ta taɓa Afrilu, shi ya sa 'yan Kanada ke yi wa garin laƙabi da Winterpeg, daga kalmar Turanci winter, wato hunturu.

Yanayi

Garin ya yi nisa da kowane teku, babu kuma dutsen da zai tare masa iskar da ke gangarowa daga yankin Arctic. Matsakaicin awon Janairu wajen digiri 16 ne ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kuma ba abin mamaki ba ne a wayi gari a 30 ƙasa da sifili. Mafi tsananin da aka rubuta shi ne 47.8 ƙasa da sifili, a Disambar 1879. Dusar kanta ba ta da yawa sosai, mita ɗaya da 'yan kai ce a shekara, sai dai da wuya ta narke kafin lokacinta, ta farko tana nan ta biyu ke sauka a kanta.

Ranakun da suka fi sanyi su ne waɗanda sama ta fi washewa. Baƙo kan leƙa ta taga ya ga rana tar, ya fita da 'yar riga, ya dawo a guje. A irin wannan safiya akan ga haske biyu a dama da hagun rana, saboda ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara da ke yawo a iska. A ƙarshen Disamba rana kan fito bayan ƙarfe 8, ta faɗi wajen 4:30.

Jiki da sutura

Masu hasashen yanayi lamba biyu suke bayarwa: awon sanyin, da kuma yadda jiki zai ji shi idan iska ta haɗu da shi. Ta biyun mutanen gari suka fi saurare, kuma da gaskiyarsu. Idan ta kai 40 ƙasa da sifili, fatar da ke waje na iya daskarewa cikin minti 10 ko ƙasa da haka. Kunne, hanci da yatsu ake fara rasawa.

Sutura hawa-hawa ake sawa: doguwar rigar ciki mai kama jiki, suwaita, sannan ƙatuwar kwat mai hula, da safar hannu, da takalmi mai kauri. Safar hannun da ke haɗe yatsu huɗu wuri guda ta fi mai raba su ɗumi. Gashin hanci kan sandare da shaƙar farko, numfashi ya zama farin raɓa a gira da gemu, gilashin ido ya yi hazo da zarar an shiga ɗaki, batirin waya ya mutu ba zato. Dusar da ta sha sanyi sosai ba ta dunƙuluwa, kuma tana ƙara ƙyar-ƙyar a ƙarƙashin takalmi. Cikin gida kuwa iska a bushe take, leɓe da diddige na tsagewa kamar a tsakiyar hunturun Kano, hannu kuma ya taɓa ƙarfen ƙofa ya ji tsartsatsin lantarki.

Mota da titi

Kusan kowace mota a garin tana da 'yar wayar lantarki da ke leƙowa ta gabanta. Ta na'urar ɗumama inji ce, ana jona ta da dare don kada man inji ya yi kauri motar ta ƙi tashi. Wuraren ajiye motoci da yawa na gidajen haya da ma'aikatu suna da soket a kan gungume gaban kowane gurbi. Da safe sai an kankare gilashi kafin a motsa.

Gishiri ba ya narka ƙanƙara idan sanyi ya yi tsanani, don haka yashi ake watsawa a titi. Hukumar birni ce ke share tituna, har da hanyoyin masu tafiya a ƙasa, abin da a birane da yawa na Kanada aikin mai gida ne. Idan za a share unguwa akan hana ajiye mota a bakin titi, wanda ya ƙi ji ya sha tara ko a janye motar. Motocin ɗaukar ɗalibai ba sa fita idan sanyi haɗe da iska ya kai 45 ƙasa da sifili, amma makarantun a buɗe suke.

A tsakiyar gari akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da rufaffun gadoji masu haɗa gine-gine. Mahaɗar titunan Portage da Main, wadda ta yi suna wajen iska, an rufe ta ga masu tsallakawa a ƙafa a 1979, sai a 2025 aka sake buɗewa.

Kogi da wasanni

Idan kogunan biyu suka daskare, akan gyara hanya a kansu daga dandalin The Forks. Mutane na zamiya da takalmin ƙarfe, wasu na tafiya aiki ta nan a ƙafa ko a keke mai faffaɗar taya. A 2008 tsawonta ya haura kilomita 8, har ta shiga kundin Guinness. Ana kuma gasar zana 'yan bukkokin shan ɗumi da ake jerawa a gefenta. A Fabrairu unguwar Saint-Boniface ta masu jin Faransanci na yin bikin Festival du Voyageur, wanda aka fara a 1970 don tunawa da fataken fatu na dā, da sassaƙen dusar ƙanƙara da kaɗe-kaɗe. Wasan hoki na kan ƙanƙara kuwa ko'ina yake, daga filayen unguwa har ƙungiyar Winnipeg Jets.

Waɗanda abin ya fi shafa

Duk wannan tsari na mai gida da mota ne. Marasa matsuguni kan kwana a rumfunan jiran bas, ƙungiyoyi irin su Siloam Mission da Main Street Project na ba su makwanci. Sababbin zuwa, ciki har da ɗalibai da ma'aikata 'yan Najeriya da ke ƙaruwa a garin, a tashar bas suke fara sanin sanyin. A Disambar 2016 wasu 'yan Ghana biyu masu neman mafaka sun rasa yatsun hannu bayan sun tsallako iyaka a ƙafa daga Amurka kusa da Emerson, kudu da Winnipeg.

Hunturun 2013 zuwa 2014 shi ne mafi tsanani tun 1898. Ƙasa ta daskare har zurfin bututun ruwa, gidaje da yawa suka rasa famfo, wasu sai da aka jawo musu tiyo daga maƙwabta.

Narkewa

Ƙarshen hunturu na zuwa da ramukan titi, da yashin da aka watsa wata biyar, da fargabar ambaliya. Kogin Red arewa yake gangarawa, don haka kudancinsa ke fara narkewa, ruwan ya taso ya tarar da ƙanƙara a gaba. Bayan ambaliyar 1950 aka haƙa babbar magudana da ke kewaye garin ta gabas, aka kammala ta a 1968, kuma ita ta kare yawancin birnin a ambaliyar 1997.