Ziyarar ɗaliban kasuwanci zuwa Guangzhou

Ziyarar karatun kasuwanci 'yar gajeriyar tafiya ce, yawanci sati ɗaya ko biyu, da makarantun koyon kasuwanci ke shirya wa ɗalibansu don su je wata ƙasa su ga masana'antu da kasuwanni da idonsu. In tafiyar ta ƙasar Sin ce, wadda 'yan kasuwarmu suka fi kira Chana, to da wuya a tsallake Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong da ke kudu, sai kuma a haɗa da irin su Shenzhen da Shanghai da Yiwu.

Tarihi

Guangzhou, wanda Turawa ke kira Canton, tsohuwar tashar jiragen ruwa ce, kuma tun zamanin daular Tang, wato 618 zuwa 907, fataken Larabawa da Farisawa ke sauka can har suka yi unguwa. Masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya yana nan har gobe, ana kyautata zaton ginin na zamanin Tang ne ko na daular Song da ta zo daga baya. Mutanen wurin na cewa Sa'ad bin Abi Waƙƙas (RA) ne ya kafa shi, masana tarihi da yawa ba su yarda ba.

A 1757 sarki Qianlong ya hana Turawa masu zuwa ta teku ciniki a ko'ina sai Canton, kuma ko a can ɗin ma ba cikin ganuwa za su zauna ba, an keɓe musu wani ɗan fili bakin kogi da ake kira gidajen fatauci 13, sannan shayi da siliki ba a sayensu sai ta hannun wasu dillalai 'yan ƙasa masu lasisi da ake kira hong. Kowane jirgi sai ɗaya daga cikin dillalan nan ya tsaya masa, shi zai ɗauki nauyin haraji, in baƙon ya yi ɓarna shi za a kama, kusan dai irin matsayin fatoma a zango. Wu Bingjian, ɗaya daga cikin dillalan nan, da Turawa ke kira Howqua, ta wannan hanyar ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran zamaninsa. Tsarin ya rushe a 1842 bayan yaƙin opiyom na farko, wanda Ingila ta yi da Sin kan cinikin ƙwayar maye ta opiyom, aka tilasta wa Sin sa hannu a yarjejeniyar Nanjing, Ingila ta karɓi tsibirin Hong Kong, aka buɗe tashoshi 5. Sinawa ba su manta da wannan wulaƙanci ba ko kaɗan, kuma gaskiya ɗalibin da bai karanta shi ba ba zai gane dalilin da ya sa suke tsantseni da baƙo ba.

Baje kolin Canton ya fara a Afrilun 1957, lokacin da ƙasar ke neman kuɗin waje ido rufe saboda takunkumin ƙasashen yamma. Sau biyu ake yi a shekara, Afrilu zuwa Mayu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, yanzu a tsibirin Pazhou, kowane karo a raba shi kashi uku. Bayan jagoran Sin Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar ciniki da ƙasashen waje a 1978 sai Shenzhen da ke kusa ta zama yankin tattalin arziki na musamman a 1980.

Abin da ake koya kafin tafiya

Kalmomi biyu ne kan gaba. Guanxi ita ce sanayya, wa ka sani, wa zai tsaya maka, wa ka taɓa yi wa alheri har yana jin nauyinka. Mianzi kuma fuska ce, abin da Bahaushe zai ce mutunci, ba ka gyara wa shugaban kamfani magana gaban yaransa, ba ka matsa masa sai ya ce a'a ƙiri-ƙiri, in ya ce "za mu duba" ko "bai dace yanzu ba" to sau da yawa ya ƙi ke nan. Ɗalibin da ya tashi cikin kunya da kara ya riga ya san rabin darasin tun daga gida, sauran rabin ne sai an zauna an koya.

Katin suna da hannu biyu ake miƙawa, rubutun na kallon mai karɓa, shi ma ya karɓa da hannu biyu ya tsaya ya karanta, ya ajiye gabansa kan tebur, ba wai ya cusa aljihun baya ya zauna a kai ba. Sunan dangi ne ke fara zuwa, da shi ake kiran mutum haɗe da muƙaminsa. Ba a ba da kyautar agogon bango saboda furucin ya yi kama da rakiyar gawa, lamba 4 ma ana gudunta don ta yi kama da kalmar mutuwa, 8 kuwa ana sonta sosai, shi ya sa aka buɗe wasannin Olamfik na Beijing ranar 8 ga watan 8 na 2008 da ƙarfe 8 na dare.

A wajen cin abinci ake ƙulla zumuncin da ciniki ke hawa kansa. Ba a soke tsinken cin abinci tsaye cikin shinkafa, domin irin yadda ake kafa turare wa mamaci ke nan. A Guangdong in an zuba maka shayi sai ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyar ke nan. Matsalar Musulmi ita ce giyar baijiu da ake ɗagawa ana cewa ganbei, wato a shanye kofin, da kuma naman alade, mafita kawai a faɗa wa mai masauki tun kafin a zauna, a ɗaga kofin shayi. Kalmar halal a can qingzhen ce, kuma shagunan taliyar Lanzhou galibi na Musulmi ne.

'Yan Afirka

Unguwannin Xiaobei da Sanyuanli sun yi suna da 'yan kasuwar Afirka, har da Hausawa masu sarin waya da yadi da takalma. A Afrilun 2020 lokacin korona an fitar da wasu daga gidajen haya, Najeriya ta yi ƙorafi, Sin ta musanta wariya.

Guzuri

Google da WhatsApp da Facebook a toshe suke, da WeChat ake magana, da shi da Alipay ake biyan kuɗi. Agogon Sin na gaban na Najeriya da awa 7. Ba a sa tafiya lokacin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu a rufe suke.