Harajin hayaƙi ya zo ya tafi, me dokar ta ƙunsa?

A ƙarshen 2023 majalisar dokokin Ghana ta zartar da dokar harajin hayaƙi mai lamba 1112, ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2024. A Afrilun 2025 Shugaba Mahama ya sa hannu aka soke ta tare da harajin tura kuɗi ta waya da na caca. Ko da yake an soke ta, gardamar da ta tayar a tashoshin Nima da Kaneshie tana nan: wa zai share iskar Akra, kasuwa ko hukuma?

Dokar ta ɗora wa kowane abin hawa mai ƙona fetur ko dizal kuɗi a shekara. Babur da mai ƙafa uku, wato okada da aboboya, sidi 75. Motar da girman injinta bai wuce sisi (cc) 3,000 ba, sidi 150. Wadda ta wuce haka da manyan motocin kaya, sidi 300. Masana'antu, ma'adinai, gine-gine, mai da gas da lantarki kuwa za su biya sidi 100 kan kowane tan na iskar kabon da suka fitar. Hukumar haraji ta GRA ce mai karɓa.

Dabarar ta masana tattalin arziki ce. Iska ba ta da mai ita, don haka wanda ya ɓata ta ba ya biyan ko kwabo. Direban trotro, wato motar haya, da ke tuttula baƙin hayaƙi a hawan Maamobi ya tsira da kuɗin gyaran inji, mai kokon da ke bakin titi ita ke biya da ƙirjinta. Sai aka ce a sa wa hayaƙi farashi, kowa zai rage da kansa ba tare da ɗan sanda ya bi shi ba. A ɓangaren masana'antu an bi wannan hanya, tunda kuɗin na hawa da sauka gwargwadon abin da aka fitar.

A ɓangaren motoci ne aka bar hanyar. Girman inji aka duba, ba a duba abin da ke fita daga salansa ba. Alhajin da motarsa ke kwana a gareji sai Juma'a, da direban da ke zirga-zirga tsakanin Circle da Madina daga asuba zuwa dare da injin da ke shan baƙin mai, kuɗinsu ɗaya in injinansu na aji ɗaya. Ka gyara mota sidi 150, ka ƙi gyarawa sidi 150. To me zai kai mutum Abossey Okai sayen kayan gyara? Ƙungiyar direbobi ta GPRTU ta ce za ta juye nauyin kan kuɗin mota, ka ga fasinja ne zai biya. Ga kuma wani abu: iskar kabon ɗumamar duniya take jawowa, abin da ke sa tari da asma kuwa ƙananan ɓurɓushin toka ne da ke shigewa can cikin huhu. A ganina wannan hanyar tara kuɗin shiga ce aka yafa mata rigar muhalli.

Dubi batun dizal. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa cewa 'yan kasuwar mai na kawo wa Afirka ta Yamma man da ba za a yarda a sayar a Turai ba saboda yawan farar wutar da ke cikinsa. Lokacin Ghana ta amince da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, Turai kuwa 10. Dillalan ba su karya doka ba, sun sayar da abin da aka halatta ne, mai saye kuma ba ya iya gane farar wuta da ido a gidan mai. A 2017 hukumar mai ta NPA ta sauke iyakar zuwa 50 ga man da ake shigowa da shi. Wannan ta fi sauƙin tsarewa, domin masu shigo da mai ƙalilan ne, tashar Tema ce babbar ƙofarsu. Farashin famfo kuwa tun 2015 aka sakar wa kasuwa, kamfanoni na gasarsu a cikin iyakar da aka shata.

Umarni kaɗai ma yana cijewa. Gyaran dokar kwastan na 2020 ya haramta shigo da motar da ta haura shekara 10, dillalan motoci suka yi ca, gwamnati ta dakatar da aiwatarwa. An rushe kasuwar 'yan gwangwan ta Agbogbloshie a 2021, inda 'yan uwanmu da yawa ke cin abinci, masu ƙona waya don cire tagulla suka watsu wasu wurare da wutarsu.

Yau mai mota ba ya biyan harajin hayaƙi. Tarar shigo da tsohuwar mota tana nan, tana ƙaruwa da shekarun motar, binciken lafiyar mota na hukumar lasisin motoci ta DVLA ma yana nan. Dokar kare muhalli ta 2025 mai lamba 1124, wadda ta maye gurbin ta 1994, ita ke riƙe da ikon hukumar kare muhalli ta EPA kan masu gurɓata iska.