Mahaɗi zuwa shafin wani: inda doka ta yarda da inda ta hana

Mutane da yawa suna zaton sai an nemi izini kafin a sanya mahaɗin (link) da zai kai mai karatu shafin wani a intanet. A Turai kotu ta riga ta raba wannan gardama. Wasu 'yan jarida a Sweden sun yi ƙarar kamfanin Retriever, saboda yana tura mutane zuwa rubuce-rubucensu a shafin jaridar Göteborgs-Posten. A 2014 Kotun Tarayyar Turai ta ce babu laifi, tunda dama an bar rubutun a buɗe ga kowa. Amma idan abin na masu biyan kuɗi ne kaɗai, kai kuma ka samar da hanyar zagaye shingen, ka taka haƙƙin mallaka.

Inda ake zamewa shi ne abin da ke bayan mahaɗin. A 2016 kotun ta duba shari'ar shafin GeenStijl na Holand, wanda ya riƙa tura jama'a inda aka ɗora hotunan mujallar Playboy da aka fitar ba da izini ba, tun kafin mujallar ta buga su. An ja masa kunne, ya ƙi ji, ana cire hotunan yana kawo sabon mahaɗi. Hukuncin ya ce wanda ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa kayan na sata ne, shi ma da alhaki a wuyansa. Mai neman riba kuwa, ana ɗauka ya bincika tun farko, sai dai ya kawo hujjar cewa bai sani ba. A ganina wannan ya yi wa ƙananan masu shafi nauyi, don ba kowa ke da lauya ba.

Tambarin kasuwanci kuma damuwarsa ruɗani ne. Ambaton sunan kamfani ba laifi ba ne, amma manna tambarinsa har mai karatu ya zaci kuna da haɗin gwiwa na iya kai ka kotu. A Amurka, a 1997, Washington Post da CNN da wasu kafafe sun yi ƙarar TotalNews, mai nuna labaransu cikin tagar shafinsa, tallansa kewaye da su. An sasanta a wajen kotu: TotalNews ya daina wannan, aka bar masa sanya mahaɗi da sunayensu a rubuce kawai, ba tambari.